Ilimi ma yana buƙatar rumbu

Manomi ba ya barin damin gero a bakin gona ya tafi gida, ɗan kasuwa kuma ba ya rubuta bashi a kan rairayi. To, don me za mu yarda sakamakon binciken malamanmu ya riƙa kwana cikin kwamfutar mutum ɗaya, wadda zafi ko ƙura ko ɓarawo ke iya gamawa da ita a yini guda?

Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka kafa na Maradi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Malamansu na tara bayanai kan ruwan sama, zurfin rijiyoyi, irin shuka, cututtuka da farashin cimaka. Cibiyar IRSH kuwa tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Wannan dukiyar ƙasa ce, kamar uraniyom.

Amma galibin bincike da kuɗin furoje na waje ake yin sa. Furoje ya zo da injinansa da ma'aikacinsa; bayan ƴan shekaru kuɗi su ƙare, ma'aikaci ya kama gabansa, inji ya mutu ba mai gyara. Wannan sashe ya sayi na'urar ajiya, maƙwabcinsa ya sayi irinta, babu wanda ya san abin da ke hannun ɗan'uwansa. A ƙarshe kwafin da ya tsira yakan zama wanda aka tafi da shi Turai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'i da su ɗora wannan nauyi kan ofishi guda a kowace jami'a, mai nasa kaso cikin kasafin kuɗi. Aikinsa uku ne. Ya rubuta duk injinan da ake da su da bayanan da aka tara, domin a yi amfani da su tare. Ya ajiye kwafi biyu, ɗaya a wani gari daban. Ya koya wa malamai da ɗalibai tsara bayanai da rufa asirin mutanen da aka yi wa tambayoyi. Ma'aikatansa su zama na dindindin masu albashi. Kuma kada a sa hannu kan wata yarjejeniya sai ta tanadi cewa kwafi zai zauna Nijar.

Kada a manta da wuta. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke mana lantarki, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Rumbun bayanai dole ya dogara da hasken rana, fannin da shi Abdou Moumouni ya ba rayuwarsa.

Masu cewa abin ya fi ƙarfinmu su dubi cibiyar AGRHYMET: tun 1974 take Yamai tana tattara bayanan damina na Sahel.

Ɗan kasuwar da ke sayen gero da kaka, da ma'aikacin da ke lissafin ƙauyukan da yunwa za ta shafa, duk da alƙaluman nan suke aiki. Wanda ya ga 2005 ya san tsadar jinkiri. Hukuma, in kunne ya ji, jiki ya tsira.