Baƙon da Ba Ya Cin Burodi, Ba Ya Shan Madara

A gidajen Hausawan Adjamé da Treichville, kamar a gidajen iyayensu na Maraɗi da Katsina, ba a tambayar baƙo ko zai ci. Ajiye masa ake yi, a tsaya a kansa sai ya ci. In ya ce ya ƙoshi a ce kunya ce, in ya janye hannu a ƙara masa miya. Da wannan aka san mu, kuma abin alfahari ne. Sai dai akwai baƙon da wannan ɗabi'a take iya kwantarwa a gadon asibiti, shi ne ƙaramin yaron da uwarsa za ta shigo da shi, bayan an gama gaisawa ta sassauta murya ta ce: "Hajiya, don Allah kada a ba shi abin da aka yi da fulawa, kada kuma a ba shi madara, likita ya hana." Amsar da takan samu kowa ya san ta: "Haba 'yar nan, mu da muka raini goma ba mu taɓa jin wannan ba. Ɗan kaɗan me zai yi masa?"

Ni a ganina, maganar uwa a kan cikin ɗanta hukunci ce a duk gidan da ta sauka, ko mai gidan ta gamsu ko ba ta gamsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ta miƙa biskit a ɓoye barcinta za ta yi a daren, uwar kuwa ita za ta kwana a zaune tana sauya wando.

A cikin alkama akwai wani sinadari, shi ne danƙon da yake sa kwaɓin fulawa ya riƙa miƙewa, likitoci suna kiransa gulutin. Akwai shi kuma a sha'ir. Ga mai cutar da ake kira siliyak, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta juya ta far wa hanjin da kansa, ta goge 'yan tsirarrakin da suke tsotse amfanin abinci. Yaro ya yi ta ci amma ba ya ƙiba, ciki ya kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, jini ya yi ƙaranci, tsawo ya tsaya. Maganinta guda ne, a bar alkama har ƙarshen rayuwa. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da wannan. A lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, sai yaran da yake jinya masu wannan ciwo suka fara murmurewa a tsakiyar yunwar. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa. Batun "ɗan kaɗan" kuwa, ma'aunin duniya ya riga ya amsa shi: ba a kiran abinci marar gulutin sai abin da yake cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wato kashi 20 cikin miliyan. Ɓarɓashin burodi a gefen faranti ya isa ya ƙetare wannan iyaka.

Da yake yawancin yaran da ake zuwa da wannan magana a kansu 'yan hutu ne daga Faransa ko Beljiyam, waɗanda ake kawowa wurin kakanni a watannin Yuli da Agusta, sai mutane suka yanke cewa cutar Turawa ce, ko kuma sangarta. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana ɗauke da ita. Kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a Afirka aka same shi: a 1999 Carlo Catassi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet cewa kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi da suka gwada suna da ita, al'ummar da burodin alkama ya zama jigon abincinta. Abin da yaron Faris ya fi yaron Adjamé da shi a nan shi ne an gwada jininsa. Namu kuwa sai a ce haƙori ne, a ce shawara ce, a ce mayu.

Abin mamaki shi ne mun fi kowa sanin wannan ladabi, a wasu wurare. Bahaushen Abijan ba ya zama a gidan abincin da bai sani ba sai ya tambayi naman da ke cikin tukunya, kuma ba zai yarda a ce masa an tsame naman alade an bar masa romo ba. Ya san cewa ludayi ɗaya yana ɓata tukunya. In Alhaji yana da hawan jini, ana ɗebe masa miyarsa kafin a zuba gishiri, ba wanda yake cewa ya raina girkin gidan. Mai ciwon suga ana haɗa masa shayinsa daban. Yaro ne kawai, da yake ba shi da bakin kare kansa, ake mayar da haninsa abin gardama.

Ga shi kuma ba wani abincin kanti mai tsada ake nema ba. Tukunyar kakanninmu kusan gaba ɗayanta ba ta san alkama ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali, babu gulutin a ko ɗaya. Alkama a ƙasar Hausa abincin marmari ce, ta alkaki da funkaso da gurasa, ta ranar biki da gidan masu hali. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon masara da miyar kuka, ƙosai da koko, alale, kunun tsamiya, shinkafa da wake da mai da yaji: duk yaron nan zai ci ya yi wasa. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta ƙara mana da nata. Aceke, wanda UNESCO ta sanya fasahar yinsa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, rogo ne zalla. Filakali rogo ne, aloko ayaba ce, futu ayaba da rogo ko doya. Burodin da ya mamaye karin kumallon Abijan, da taliya da madarar gwangwani ta teburin mai shayi, su ne baƙi a nan, domin alkamar da ake niƙawa a Kwaddibuwa ta jirgin ruwa take shigowa.

Inda aikin yake shi ne fulawar da ba a gani. Ɗanwake a asalinsa garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, amma yau mata da yawa da fulawa suke kwaɓa shi. Waina ta shinkafa ce, duk da haka akwai mai zuba mata fulawa don ta kama jikinta, akwai mai zuba nono don tsami. Tuwon semo alkama ne, haka ma kuskus ɗin kwali, ko da ya yi kama da aceke a ido. Wasu nau'o'in dunƙulen miya suna ɗauke da garin alkama, don haka a juya kwali a duba. Kayan kasuwar Adjamé da Faransanci ake rubuta su, kalmomin da za a nema su ne blé da gluten da lait. Garba ma, abincin da ake danganta sunansa da Hausawan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi, acekensa lafiya lau ne, amma masu suya da yawa suna birkiɗa kifin a fulawa kafin su jefa a mai. Mai ƙosai takan soya fanke a kasko ɗaya da mai ɗaya. Rariyar da aka tankaɗe fulawa da ita jiya, muciyar da aka tuƙa semo, wuƙar da aka yanka burodi, kowanne yana ɗaukar rabonsa ya kai gaba. A wanke tukunya da kyau, a zuba sabon mai, a fara da girkin yaron kafin na sauran gida.

Madara kuma hani biyu ne masu kama da juna, kuma rikita su yana da haɗari. Akwai yaron da cikinsa ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara. Wannan kumburi da gudawa zai yi, kuma sau da yawa yana tafiya tare da siliyak, domin sinadarin da yake narkar da sukarin a kan tsirarrakin hanjin nan da suka goge yake zaune. Akwai kuma wanda jikinsa yake bore wa furotin ɗin madarar saniya, ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe cikin mintuna, abin da ba ya jiran komai sai asibiti. Tsamin nono yana rage sukarin madara amma ba ya kawar da furotin. Saboda haka kalmar "ai kindirmo ne, ba madara ba ce" ba hujja ba ce. Dege, da fura da nono, da man shanun da ake ɗigawa a kan tuwo don a girmama baƙo, duk suna cikin hanin har sai uwar ta ce ba sa ciki. Fura kanta gero ce. A dama ta da ruwa da ɗan suga ko zuma in yaron ya wuce shekara ɗaya.

Na san za a ce wasu iyayen ba likita ne ya hana su ba, a intanet suka karanta. Akwai irinsu, kuma suna yi wa 'ya'yansu illa, tunda gwajin siliyak ba ya nuna gaskiya in an riga an daina cin alkama. Amma mai masauki ba ta da hanyar bambancewa, kuma cikin ɗan mutane ba wurin gwada zato ba ne. Ita ma uwar akwai nata nauyin. Ta yi waya tun kafin ranar, kada ta bari sai an kashe kuɗin cefane an sauke tukunya. In ta zo da kwanon ɗanta a jaka, kada a ɗauka raini ne, kada ita ma ta miƙa shi da yatsina.

Yawancin gidajen haya na Adjamé tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna kewaye, yaro kuwa na kowa ne, duk ƙofar da ya leƙa za a saka masa wani abu a hannu. Sanar da uwar gida kaɗai bai isa ba. A gaya wa maƙwabta, a gaya wa 'yan matan gida, a gaya wa manyan yaran da za su ja shi shago. Kuma in da hali, ranar a dafa wa yaran gidan duka abin da baƙon zai iya ci, su zauna a tire ɗaya. Ɗan shekara huɗu ba ya gane hanji da furotin. Abin da yake gani shi ne an ware shi da ɗan kwano a gefe, sauran suna yagar burodi.

Sai lokacin sallama, inda ake yawan yin ɓarnar bayan an kiyaye yini guda. Tsarabar yaro a yau biskit ce da cincin da alewar madara. Ayaba tana nan, da mangwaro in lokacinsa ne, da dabino da lemo. In kuma kuɗi za a ba shi, kamar yadda kakanni suka saba damƙa wa jika 'yan silalla, a damƙa a hannun uwarsa, domin shagon da ke ƙofar gida ba ya tambayar abin da likita ya ce.