Ba laifin firinta ba ne

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke UI, mu daina ɗora wa masu shagon firintin laifi. Kullum a Sabo sai na ji ƙorafi: teburin SPSS ko rahoton Access ya fito a yanke, gefen dama ya tsallake wani shafin. Wallahi yawanci daga fayil ne. Kwamfutarka tana kan Letter ta Amurka, shago kuma A4 yake sakawa, faɗinta bai kai ba da milimita 6. Ka saita A4, tebur mai faɗi ka kwantar da shafin, ka mayar PDF, ka fara buga shafi ɗaya ka duba. Kuɗin takarda ba na banza ba ne, sufabaiza kuma ba zai jira ka ba. Allah ya sa mu gama lafiya.