Kalmar "Wind" Ba Iska Ce Kaɗai Ba

Ina so in yi magana a kan wata 'yar kalmar Turanci mai haruffa huɗu wadda ke cinye mana maki a jarrabawa, watau "wind". Yawancinmu mun rubuta mata "iska" a littafin ma'anoni, mun rufe. Alhali kuwa akwai wata "wind" ɗin, rubutunsu ɗaya, amma ita aikatau ce, kuma "waind" ake furta ta.

To, me take nufi? Abin da Bahaushe ya raba wa kalmomi da dama, shi Bature ya tattara ya ɗora mata. In liman ya naɗa rawani, "wind" ya yi. In masaƙi ya naɗa zare a kwarkwaro, ita ce. In mesa ta kanannaɗe akuya, ita ce dai. Har hanyar da ke hawa tsaunin Mambila, da yake kwana-kwana gare ta, "winding road" za a kira ta. Mu ma mun are ta tun tuni. Da kakanninmu ke cewa a ba agogo wani, ai daga nan wanin ya fito, ko da yake yanzu agogon batir da na waya sun kashe wannan aiki.

Inda gizo ke saƙar shi ne shuɗaɗɗen lokaci. In naɗi ake nufi ba a cewa "winded", sai "wound", a furta "waund". Ga kuma wata "wound" mai nufin rauni, ita kuwa "wund" ake furta ta. A jarrabawar furuci ta WAEC irin waɗannan tagwaye tarko ne, wanda bai iya rarrabe su ba kuwa ya faɗa.

Ni a ganina haddar ma'ana ɗaya ga kowace kalma ita ke cutarmu. Ina roƙon malamanmu su riƙa sa mu rubuta kowace sabuwar kalma cikin jimla, mu kuma karanta ta da ƙarfi a aji. Iyaye kuma, in za a saya mana ƙamus, a daure a sayi mai nuna furuci da misalai, ko da ya fi tsada. Mai hadda in ya ji shugaban ɗalibai ya ce zai "wind up" taro, sai ya tsaya neman iska ko zare, alhali rufe taron kawai za a yi.