Ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa: halin da kudancin Katsina ke ciki

Harin da 'yan bindiga suka kai babban asibitin Ƙanƙara a watan Janairun 2025, inda suka harbi wani likita suka kuma sace mutane, ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya a jihar Katsina: wa zai duba mutumin da harsashi ko hatsarin babur ya fasa wa kai a wannan yanki?

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, amsar ita ce sai an yi tafiya. Wanda ya samu mummunan rauni a ka ko a ƙashin baya, akasari akan fara kai shi babban asibitin da ke kusa, daga nan a tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuma birnin Katsina.

Matsalar ita ce raunin ƙwaƙwalwa ba ya jira.

Idan jijiyar jini ta tsinke a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jinin ba ya da mafita, sai ya taru ya riƙa danne ƙwaƙwalwa. A wani nau'in wannan rauni, mutum kan farfaɗo bayan faɗuwa, ya yi magana, har ma ya sha ruwa, dangi su yi hamdala. Bayan 'yan sa'o'i sai barci ya kwashe shi, daga nan kuma ba ya sake tashi.

Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 1981 ya nuna cewa daga cikin waɗanda jini ya taru musu a saman ƙwaƙwalwa, kashi 30 cikin ɗari ne suka mutu idan an yi musu tiyata cikin sa'o'i huɗu, amma adadin ya kai kashi 90 ga waɗanda aka wuce wannan lokaci.

Sa'o'i huɗu ba su da yawa ga mutumin ƙauye a Faskari. Sai an nemo mota, sai an harhaɗa kuɗi, sai kuma an jira gari ya waye, domin ba kowane direba ne zai hau hanya da dare ba.

A 2021 lamarin ya fi haka muni. A ƙarshen watan Agustan shekarar, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan a watan Satumba aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. An ɗauki matakan ne don taƙura wa 'yan bindiga, to amma sun shafi mai neman a kawo masa ɗauki shi ma.

Doguwar hanya

Samar da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Nijeriya aiki ne na kimanin shekaru goma sha biyar bayan kammala sakandare.

Ɗalibi kan shafe shekaru shida a makarantar koyon aikin likita, shekara guda ta sanin makamar aiki, da wata shekarar ta yi wa ƙasa hidima. Daga nan ne zai zauna jarrabawar share fage ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, kana ya nemi gurbi a wani asibitin koyarwa.

Zai fara da tiyata ta gama-gari, ya ci jarrabawar zangon farko, sannan ya shiga sashen ƙwaƙwalwa, inda zai yi wasu shekarun yana tsaye a bayan malaminsa kafin a bar shi ya buɗe kan mutum shi kaɗai. Wannan lissafi ne na wanda bai faɗi jarrabawa ba, kuma yajin aiki bai ci masa shekara ba.

Ke nan yaron da yake ajin ƙarshe a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a watan Disambar 2020, ko da komai ya tafi masa daidai, ba zai zama ƙwararre a wannan fanni ba sai wajejen 2036.

Fannin ba sabo ba ne a ƙasar. Marigayi Farfesa Latunde Odeku, wanda ya samu horo a Jami'ar Michigan ta Amurka, shi ya buɗe sashen farko a asibitin koyarwa na Badun a 1962. Arewa ta daɗe a baya, har sai da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wadda ta horar da da dama daga cikin waɗanda suka bazu a asibitocin yankin.

Duk da haka, ya zuwa 2022 ƙwararrun ba su kai 150 ba a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, kuma kusan dukkansu suna manyan birane ne.

Ba a rasa dalili ba. Likitan ƙwaƙwalwa ba ya aiki da hannu kawai. Yana buƙatar na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai, da likitan sa barci, da ɗakin kulawa ta musamman mai na'urar taimaka wa numfashi, da jini, da wutar lantarkin da ba ta yankewa. Ko da an tura shi Sabuwa gobe, in babu waɗannan, abin da zai iya bai wuce rubuta takardar tura majinyaci gaba ba.

Ga kuma ƙaura. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin dubu 16 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya gabatar da ƙudurin tilasta wa sababbin likitoci yin aiki na shekaru biyar a gida kafin a ba su cikakken lasisi, abin da ƙungiyoyin likitoci suka yi watsi da shi. Doka irin wannan tana iya hana mutum zuwa Ingila ko Saudiyya, amma da wuya ta sa shi ya kwana a asibitin da aka harbi abokin aikinsa.

Abin da zai yiwu

Ganin haka ne wasu masana ke ba da shawarar a daina jiran ƙwararre a kowane gari. A asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya, wani likitan ƙwaƙwalwa daga Amurka, Dilan Ellegala, ya fara koya wa wani mataimakin likita yadda ake huda ƙoƙon kai a fitar da jini tun a 2006. Masu sukar tsarin na cewa aikin rabi da rabi a ƙwaƙwalwa na iya yin ɓarna, masu goyon baya kuma na cewa zaɓin da ke gaban mutumin ƙauye ba tsakanin ƙwararre da wanda ba ƙwararre ba ne, tsakanin tiyata ne da rashinta.

A kudancin Katsina, Funtuwa ce wurin da irin wannan tsari zai fi dacewa. Hanyoyin Faskari da Sabuwa duk nan suke haɗuwa, kuma tsakaninta da Shika bai kai kilomita 100 ba. Likitan tiyata na gama-gari da aka koya wa wannan aiki na gaggawa, yana da na'urar ɗaukar hoto a kusa da kuma ƙwararre a Zariya da zai duba hoton ta waya, zai iya rage sa'o'in da ake ɓatawa a hanya.

Ba masu rauni kaɗai ne za su amfana ba. Jariran da ruwa ke taruwa a kansu har ya kumbura, da waɗanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, sukan isa asibitin koyarwa a makare, sau da yawa bayan an gama zagayen masu maganin gargajiya. Likitan da ke kusa, wanda ya san alamun, zai iya tura su tun cutar ba ta yi nisa ba.

Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2025, ciki har da Faskari, ya shafi batun hanya ne da zuwa gona. Ko zai sa likitoci su yarda su zauna a yankin, wannan ya danganta ne da tsawon lokacin da zai ɗore.