Injin Iska A Bakin Rijiya

Tun watan Mayu na 2023, da Gwamnati ta janye tallafin man fetur, masu noman rani suke kuka. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai lambu ya sayar da tumatir, ya yi lissafi, ya tarar injin ban ruwa ya shanye ribar. Shi ya sa waɗansu suke tambaya, shin iska ba za ta jawo ruwa ba?

Lalle tana jawowa, kuma ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke, Daniel Halladay, ya ƙera irin wannan inji tun 1854. Hasumiya ce ta ƙarfe, da babbar fanka a samanta. Iska ta juya fanka, fanka ta riƙa ɗaga sanda tana saukarwa, sanda ta tuƙa famfo a cikin rijiya. Da shi makiyayan Amurka da na Ostareliya suka shayar da garkunansu a busassun ƙasashe.

Ga manomin Arewa akwai wata dacewa. Iskar hunturu tana busowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, watau daidai lokacin da albasa da alkama suke bukatar ruwa. Ba mai, ba hayaƙi, dare da rana yana aiki, mata da yara sun huta da jan guga.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Iska ba ta da alkawari. Masana sun nuna in gudunta ya ragu da rabi, ƙarfinta ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas ne. Saboda haka rijiyar da ke cikin kwari, ko tsakanin manyan itatuwa, ba ta dace da shi ba sam. Tilas ne kuma a gina tanki mai ɗaukar ruwan kwana uku ko huɗu, gama ranar da iska ta kwanta shanu ba za su fasa jin ƙishirwa ba. Ƙura tana shiga haƙoran injin, sai an riƙa sa masa mai. Fatar famfo tana cinyewa. Guguwar farkon damina kuwa, in ba a ɗaure fanka ba, tana iya lanƙwasa ta dare ɗaya. Sa'an nan ruwansa na sha ne da na dabbobi da ɗan lambu, ba ya isar babbar gonar alkama.

A dubi Lambar Rimi a Jihar Katsina, inda aka tsara kafa manyan fankoki 37 don samar da lantarki megawat 10. An ɗauko maganar tun 2005. A Disamba 2012 aka sace injiniya Bafaranshe mai aikin, abu ya tsaya, har aikin ya ci fiye da shekara goma. Iskar Katsina ba ta daina busawa ba cikin shekarun nan.

To, garin da yake son injin iska ya fara neman mutum kafin ƙarfe. A zaɓi makeri ko bakanike ɗan gari, a koya masa gyara, a ajiye fata da mai a hannun mai unguwa, kowane mai garke ya riƙa zuba 'yan kuɗi duk wata. Kafin a biya kuma, a kwatanta farashinsa da na famfo mai aiki da hasken rana, domin wannan ya yi sauƙi ƙwarai a shekarun baya-bayan nan.