Taswirar tsoffin ramukan zinariya ta iso hannun makiyaya

Ƴan uwa makiyaya, idan masu haƙar zinariya suka tashi daga wuri, mu ake bar wa ramukan. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. An yi ta maganar haɗarin, amma filin da aka farfasa yana nan, bisashe na ratsa shi. Da damina ramukan kan cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsu. Saniya ta faɗa ta karye, ko garke ya sha ruwan da aka wanke ƙasa da zaiba a cikinsa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ya fi haka a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara.

Shi ya sa nake goyon bayan a zana taswirar waɗannan wurare da hotunan tauraron ɗan Adam. Sentinel-2 na Turai yana ɗaukar hoton ƙasarmu kusan duk kwana 5, kuma hotunan kyauta ne. Idan aka jera hoton bana da na shekarun baya, ana ganin inda daji ya koma fako, da tulin ƙasa, da kududdufan da babu su a da. A Yamai cibiyar Agrhymet ta daɗe tana aiki da irin waɗannan hotuna.

Sai dai idon tauraron yana da iyaka. Kowane ɗigo na hotonsa fili ne na mita 10, bakin ramin zinariya kuwa da ƙyar ya wuce na rijiya. Ba ya kuma ganin guba a cikin ruwa. Wanda ya san tabkin da tumaki suka sha suka kwanta, makiyayi ne. Don haka kowace ƙungiya ta ba da mutanenta su taka wurin tare da likitan dabbobi, a ɗebi ruwa a auna.

Abin da nake tsoro shi ne taswirar ta kwana a ofis, ko ta zama hujjar toshe burtali da sunan kare mu. A kai ta gaban hukumar filaye ta Kofo muna zaune, a kafa alamu a bakin ramuka, a cike na kusa da mashaya tukuna, a sanar ta rediyo da Hausa da Fulfulde da Tamashek kafin garkuna su yi arewa.