Waiwaye Adon Tafiya: Tushen Ranakun Biki a Ƙasar Kafanchan

Jama'a, duk wanda ya kwana a Kafanchan ƙarshen watan Disamba ya san bukukuwa biyu ne ke bin juna: Kirsimeti ran 25 ga wata, sai kuma bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Amma mu nawa ne muka san inda ranakun nan suka samo asali?

Mu fara da na gida. A harshen mutanen Kagoro, Afan na nufin dutse, wato dutsen nan da kakanninsu suka zauna a kansa. Biki ne na gargajiya, na kammala girbi da buɗe farauta. A zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, aka tsayar da shi a ranar sabuwar shekara, har ya zama taron da Kirista da Musulmi ke halarta tare.

Ita kuwa Kirsimeti, Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci 25 ga Disamba ya nuna ana bikin a birnin Rum tun shekarar 336. Wasu masana suna ganin an zaɓi ranar ne domin ta maye gurbin shagulgulan hunturu na Rumawa, wasu kuma sun ce lissafin malaman coci ne ya kai su gare ta.

Haka nan Sallah. Da Annabi Muhammadu (SAW) ya isa Madina, ya tarar mutanenta suna da ranaku biyu na wasa, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. An fara su a shekara ta 2 bayan Hijira.

To, kun ga dai addini bai hana ɗan Adam murna ba, gyara mata hanya ya yi. Kafanchan ta ɗanɗana ɗacin rashin fahimtar juna a rikicin Maris 1987, wanda ya bazu har Zariya da Kaduna. Yaron da ya san tushen bikin maƙwabcinsa da wuya a zuga shi ya raina shi. Saboda haka iyaye, in za ku aiki yara da kwanon shinkafar Kirsimeti ko naman layya, ku haɗa musu da labarin ranar.

Allah Ya zaunar da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.